Gawon Baba Nababa da Wasiƙun da Suka Ƙi Tafiya

Akwai wani matashin magidanci a wani ƙauye da ke gefen Tsanyawa, sunansa Hashimu. Ya yi makarantar kimiyya a Dawakin Tofa, ya je Kano ya koyi aikin kwamfuta, sannan ya tattaro kayansa ya dawo gida.

Sana'ar da ya kafa ita ce raba wa mutane intanet. Ya jawo layi zuwa shagon ƙofar gidansa, ya kafa wata farar eriya mai kama da faranti a saman soro, ya kafa 'yar'uwarta a kan tankin ruwan sakandaren da ke can ƙetaren gonaki. Daga tankin ne sabis yake rarrabuwa zuwa makarantu uku da ƙaramin asibiti da ofishin ƙungiyar manoma.

A cikin shagon akwai wata kwamfuta da ba a kashe ta, wadda suke kira saba. Ita ce gidan wayar su duka: duk imel ɗin da za a aika ko za a karɓa, sai ya bi ta cikinta.

Sati biyu Hashimu ya yi yana gwaje-gwaje kafin ya zaɓi manhajar da za ta riƙe wannan aiki. Ya zaɓi wata ƙarama, marar nauyi, wadda tsohuwar kwamfutarsa da batirin sola za su iya ɗauka.

"Ba ta da ado," ya ce wa matarsa, "amma ba ta da cin wuta, kuma ba ta raina ƙaramin layi."

Matar tasa Safiyatu ce. A aji uku na sakandare karatunta ya tsaya, kuma Allah ya zuba mata kunya. In baƙi suka zo shago, a bakin labule take dire tire ta juya. Amma fa ba abin da yake wuce idonta.

Ranar da Hashimu ya hau tankin nan, tsakiyar damina ce. Tana saman soro tana hango shi kamar ɗan tsuntsu. Da ya dawo ta tambaye shi dalilin hawa can ƙololuwa.

"Safiya, waɗannan eriyoyin biyu sai suna kallon juna suke iya magana," in ji shi. "Abu ya shiga tsakaninsu, magana ta lalace."

Tun daga ranar, duk safiya in ta hau soro shanyar kuɓewa, sai ta waiwaya ta nemi farin ɗigon nan. Takan gan shi yana ƙyalli ta tsakanin tsiraran rassan wani babban gawo da ke gonar Baba Nababa, dattijon da gonarsa take tsakanin gidansu da makarantar. In ta gani, sai ta ji daɗi, ta ce a ranta aikin mijinta ne.

Komai ya tafi lafiya har aka yi girbi. Bayan an ɗaure dawa ne rigima ta fara.

Ƙaramin saƙo yana wucewa. Amma da an haɗa wasiƙa da hoto ko takarda mai nauyi, sai ta tafi rabi ta tsaya. Asibiti suka kira. Ƙungiyar manoma suka kira. Ranar Litinin kuma sai ga shugaban sakandaren, Malam Sha'aban, da kansa a kan babur.

Safiyatu tana tsakar gida tana jin muryarsa.

"Hashimu, ni na ja sauran suka yarda da kai. Sunayen ɗalibaina tamanin da uku da hotunansu, sau bakwai ana turawa suna ƙin tafiya. Na ba ka zuwa Alhamis. In ba su tafi ba, ka zo ka kwance farantinka daga tankina, mu koma ɗaukar takarda a mota. In na fita kuma, ka san sauran ma fita za su yi."

Hashimu bai iya cin abincin rana ba. Ya kira wani da suka yi koyon aiki tare a Kano, Injiniya Najib, wanda ake cewa har manyan kamfanoni yake yi wa aiki.

Najib ya iso da la'asar a mota mai sanyi, da jaka a kafaɗa. Kallo ɗaya ya yi wa sabar ya fashe da dariya.

"Haba Hashimu! Wannan manhajar ai ta 'yan koyo ce. Dole wasiƙa ta maƙale. Kauce ka ga aiki."

"Amma wata huɗu tana aiki lafiya," in ji Hashimu.

"Sa'a ka ci."

Ya cire ƙaramar, ya ɗora wata ƙatuwa mai shafuka kala-kala. Fankar kwamfutar ta kama kuka kamar injin markaɗe. Ya tura wasiƙa daga nan cikin shagon, ta tafi nan take.

"Ka gani? Kira shugaban naka."

Da aka kira Malam Sha'aban, sai ya ce, "Ai gara jiya. Jiya ƙananan saƙonni suna tafiya. Yanzu ko shafin ba ya buɗewa."

"Malaman ƙauye ne ba su iya dannawa ba," in ji Najib bayan an kashe waya.

Ranar Talata ya cire wannan ya sa wata ƙatuwar. Ya sauya wayoyi, ya sauya lambobi, ya kashe ya kunna. A shago komai garau, a makaranta shiru.

A safiyar Talatar nan ne Safiyatu ta hau soro da faifanta. Rabonta da hawa tun kafin girbi, don aikin sussuka ya riƙe ta a ƙasa. Ta baza kuɓewa, ta waiwaya kamar yadda ta saba.

Babu farin ɗigo.

Ta matsa dama, ta matsa hagu, ta yi ɗage. Babu abin da take gani sai gawon Baba Nababa, ya cika ya batse da ɗanyen ganye, iska tana kaɗa shi.

Ta sauko da sauri. Da ta kai musu abinci, ta tsaya a bayan labule, ta tattaro duk ƙarfin halinta.

"Malam," ta ce a hankali, don haka take kiran mijinta, "ko za a duba eriyar can ta tanki..."

Najib ne ya riga shi amsawa.

"Iye! Ashe amarya ma injiniya ce? Hashimu, ka ɓoye mana gwana a cikin gida. Amarya, a dai ƙaro mana yaji, mu za mu ji da eriya."

Hashimu ya yi 'yar dariyar yaƙe, idonsa a kan kwamfuta. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kawo yajin, ta koma ciki.

Amma abin bai bar ranta ba. Ta ga yadda mijinta ya faɗa cikin kwana biyu. Ta tuna gonar gadonsa da ya sayar da rabinta ya sayi kayan nan. Jibi ne Alhamis.

Da safiyar Laraba yana shan koko a tsaye, ta ce, "Malam, don Allah taimaka min da buhun nan zuwa soro."

Buhu ne da ko ita kaɗai za ta iya ɗauka. Ya dube ta, ya dubi buhun, ya ɗauka dai. Da suka hau, ta dafa ƙarfen eriyar.

"Ka ce wannan sai tana kallon 'yar'uwarta take magana. To nuna min 'yar'uwar."

Hashimu ya miƙa hannu zai nuna. Hannun ya tsaya a sama. Ya zuba wa bishiyar ido.

"Inna lillahi," ya ce. "Gawo! Ni da na tashi ina tsinto wa awaki 'ya'yansa!"

Ya ƙwala wa Najib kira. Najib ya hau yana kakkaɓe wando, ya saurara, ya girgiza kai.

"Ba bishiya ba ce. Na yi wannan tunanin tun a mota. Da damina ka kafa eriyar, lokacin da kowace bishiya take cike da ganye, kuma ta yi aiki. Yanzu rani ya kama, ganye zubewa yake. Hanya ma ƙara buɗewa za ta yi."

"Kowace bishiya, ban da gawo," in ji Hashimu. "Shi da damina yake tuɓewa, da rani yake sa riga. Ɗaga ido ka gani, Injiniya."

Najib ya cire tabarau ya duba. Ya mayar ya sake dubawa.

"To ai da sauƙi," ya ce. "A sare shi."

Suka tafi gona, suka tarar da Baba Nababa yana tara kara. Ko gaisuwa ba a gama ba Najib ya faɗi abin da ya kawo su, har da cewa zai kawo masu injin yanka.

Dattijon ya dogara da sandarsa ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, daga birni kake ko? Gawon nan mahaifina ya tarar da shi. Ganyen da yake zubarwa shi ne takin gonar nan. Geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina zangarniya. Ka kawo injin naka, ka fara da ni."

Hashimu ya durƙusa. Kafin su fito, Safiyatu ta raɗa masa wata magana a zaure, ita ya faɗa.

"Baba, a yi haƙuri, ba sarewa muke nema ba. Na san lokacin da kake sa a sassaro wa awaki rassa ya kusa. Ka bar ni in yi maka aikin yau, in zaɓi rassan da zan sara, in kai maka har gida."

Baba Nababa ya yi murmushi.

"Yanzu na ji magana. Wa ya koya maka wannan dabara?"

"Ɗiyarka Safiya."

"Na san ba kai ba ne. Ungo gatari. Ka kula da ƙaya."

Hashimu ya naɗe wando ya hau. Najib ya koma shago ya zauna gaban kwamfuta yana kallon lambobin da suke nuna ƙarfin layi. Safiyatu kuwa tana saman soro, waya a kunne, ita ce idonsu.

Reshe na farko ya faɗi.

"Kina gani?" in ji Hashimu yana haki.

"Tukuna. Ba wannan ba ne, Malam. Na hagunka, wanda ya yi lanƙwasa."

Ta ji sarar gatari ta cikin waya, ɗaya, biyu, har ta daina ƙirgawa. Reshen ya yi ƙara, ya sunkuya, ya tafi ƙasa.

Sai ga farin ɗigon nan ya bayyana, rana ta doke shi yana walƙiya kamar sabon kwano.

"Na gan ta!" Safiyatu ta ɗaga murya, ita da ko maƙwabta ba su san muryarta ba. "Malam, wallahi na gan ta!"

Daga ƙasa kuma sai ihun Najib: "Layi ya cika! Ya cika taf!"

Da Hashimu ya dawo, hannuwansa duk karcen ƙaya, ya tarar Najib ya riga ya fara cire ƙatuwar manhajar.

"Taka zan mayar," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ba ta da laifin komai. Ita ce daidai da injin nan da wutar nan. Kwana biyu ina dukan wanda bai yi laifi ba."

Kafin azahar suka ƙara wa eriyar soro tsawon bututu guda, yadda ko gawon ya sake tofo ba zai kai ta ba. Ana idar da salla wayar Hashimu ta yi ƙara. Ya buɗe lasifikarta don na bayan labule su ji.

"Hashimu! Sun tafi!" Muryar Malam Sha'aban ce. "Duka tamanin da ukun, da hotunansu, har an amso cewa an karɓa. Farantinka ya zauna a tankina har illa masha Allahu. Akwai ma wasu makarantu biyu ta wajen Tofa da suke tambayata lambarka."

Najib ya rataya jakarsa zai tafi, sai ya tsaya a bakin labule ya yi sallama.

"Malama Safiya, jiya na yi miki rashin ta ido. Ki yafe min. Da na saurare ki, da tun jiya an gama."

Ta murɗa bakin mayafinta.

"Ba komai, Injiniya. Ni kuɓewa kawai nake shanyawa."

"To ni dai daga yau, kafin in taɓa kwamfutar kowa, sai na hau soro."

Da yamma awakin Baba Nababa suka ci ganyen gawo har suka bari. Yanzu kuma duk inda Hashimu zai kafa sabuwar eriya, sai ya ɗauko hoton hanyar a waya ya kawo gida. Safiyatu takan duba ta ce, wannan kuka ce, wannan ɗorawa ce, wannan kuwa gawo ne, kar tsiraicinsa ya ruɗe ka.

Darasi: Kafin ka ɗora wa kayan aikinka laifi, ka tashi daga kujera ka duba hanyar da saƙon yake bi. Ba babban abu ne mai kyau ba, wanda ya dace da wurinka shi ne mai kyau. Kuma kar yawan karatu ya sa ka toshe kunne ga mai ƙaramar murya, wataƙila ita take tsaye a inda ake hango matsalar. Jama'a, ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya bari a kai ƙarshen magana.