Intalok ɗin Farfesa da Gangaren Baba

Akwai wani ma'aikacin ofis da abokansa ke kira Farfesa, ba don karatu ba, sai don ba a taɓa kawo maganar da ya ce bai sani ba. Kun dai san irinsu.

Mahaifinsa tsohon magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo, rabin gidajen layin da hannunsa aka tashe su. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, Farfesa ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin bayan gida. Ya kuma ƙudura zai shimfiɗa intalok, duwatsun daɓen nan masu shiga juna, a ƙofar ɗakin, tsoho ya riƙa fitowa shan iska. Niyya dai mai kyau.

Ya kalli bidiyo uku a waya, ya sa aka sauke yashi da duwatsu, ya naɗe hannun riga.

Baba na zaune a kujera yana kallo. Maganarsa ta yi nauyi, sai a hankali take fita.

"Ka ba shi... gangare. Ya karkata waje, kada ya kalli ƙofa."

Farfesa ko ɗagowa bai yi ba. "Baba, wannan ba irin ginin da ba ne. Daidai wa daida ake yin sa, kamar tebur."

"Ruwan sama..."

"Haba Baba! Ka huta mana. Zamaninku ya wuce."

A gaban matarsa ya faɗa, jama'a. Ita ta sunkuyar da kai don kunya. Baba ya ja sandarsa ya koma ɗaki.

Aiki ya yi kyau a ido, wannan ba musu. Har hoto Farfesa ya ɗora a intanet, abokai suna ta jinjina.

Bayan kwana tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Farfesa ya dawo daga ofis da la'asar, ya tarar da matarsa da bokiti tana kwasa. Ruwan da ya rasa hanyar fita ya bi ƙarƙashin ƙofa ya cika ɗakin Baba. Tsoho na zaune a bakin gado, ƙafar da ba ta motsi tsundum a ciki, ya kasa ɗaga ta.

Maƙwabcinsu direba ya shigo taimako. Ya dubi intalok, ya girgiza kai.

"Subhanallahi! Wane ne ya yi wannan aika-aika? A gidan magini guda?"

Farfesa ya buɗe baki zai yi magana. Sai muryar Baba ta fito daga ɗaki.

"Ni ne... na ce a yi haka. Tsufa ne, ido ya tafi."

Direba ya ce, "Ayya Baba, Allah Ya ƙara lafiya," da irin muryar da ake lallashin yaro.

Wallahi Farfesa ji ya yi da ma ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da duk layin ke alfahari da aikinsa, yau ana tausaya masa a kan kuskuren da ya yi ƙoƙarin hanawa.

Da direba ya fita, Farfesa ya durƙusa cikin ruwan nan da wandon ofis, ya ɗaga ƙafar mahaifinsa yana goge ta. Ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, me ya sa ka ce kai ne?"

Tsoho ya daɗe kafin kalmomin su haɗu.

"Ni na gama fita. Kai ne za ka bi layin nan gobe."

Darasi: Kafin ka ce wa iyayenka zamaninsu ya wuce, ka tuna ranar da ka kwafsa su ne za su zubar da girmansu don su rufa maka asiri. Ku tura wa duk wanda har yanzu yake da tsohon da zai saurara.