Ranar da Junaid Ya Auna Jikan Hajiya Asabe

Akwai wani ɗalibin likitanci, Junaid, mai jin kai kamar shi ya ƙirƙiro allura. Malaminsu Dakta Garzali ya haɗa shi da Muhibbat, mai karantar halayyar jama'a, ya ce su shiga gidajen Tarauni su binciko abin da ke sa yara ƙiba tun suna firamare. In ba su kawo bayanan gida arba'in ba, ba mai gama karatu bana.

Suna sauka a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi Muhibbat ta ce, "Bari ni in fara gaisawa. A nan ƙibar yaro abin alfahari ce. Kuma kar ka taɓa maganar jikinsa ba ka ce tubarkalla ba."

"Dalla rufe min baki! Ni kimiyya na karanta, ba gulmar tsakar gida ba."

A gidan farko, Hajiya Asabe ta fito soro da jikanta Mu'azu, ɗan shekara bakwai. Junaid ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kai! Wannan ai buhu ne. Me kuke ɗura masa?"

Sai ya kwantar da yaron a tabarma, ya ja tef ɗin awo daga kai zuwa ƙafa.

Hajiya ta zabura. "Innalillahi! Likkafani za ka ɗinka masa? Gawa ake kwantarwa a auna! Ka yi masa baki, yanzu kuma awon kabari? Fice min, mara tarbiyya, kafin in ɗauko taɓarya!"

Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Daurawa. Duk gidan da suka yi sallama, sai a ce matan ba sa nan.

Sati biyu Muhibbat tana zuwa ita kaɗai, tana ba da haƙuri, tana taya Hajiya yankan kuɓewa. A nan ta gano komai: lemon kwalba da taliyar leda safe da yamma, filin ƙwallon unguwa kuma an mai da shi shaguna. Iyaye mata da kansu suka auna 'ya'yansu, a tsaye, jikin bango.

Hajiya ta buɗe mata gidaje arba'in da uku, da sharaɗi ɗaya: "Mai tef ɗin nan kar ya sake tako layinmu."

Ranar miƙa aiki Junaid ya ce, "Dakta, ai ni na iya lissafin awon."

"Awon wa? Yaro nawa ka kawo?"

Muhibbat ta gama karatu, Junaid ya maimaita shekara.

Darasi: Karatunka kaɗai ba ya buɗe ƙofar gidan kowa. Wanda ka raina fanninsa, wataƙila shi ya san hanyar shiga. Ku tura wa duk wani mai ɗagawa da takarda, ko ya ji haushi, ruwansa!