Ramin Takin Kaltume

Akwai wata mata a Rigachikun, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai, sunanta Kaltume. Mijinta Labaran lebura ne a Kaduna, har ciwon baya ya kwantar da shi. Abin da ya rage musu gona ɗaya ce, ita ma ta gaji. Ba su da shanu, balle taki.

Kaltume tana sayar da lemu da mangwaro a bakin hanyar Zariya. Kullum da la'asar takan tattara ɓawo da ruɓaɓɓun da masu talla suka zubar, ta ɗauka a kai har gona. Ta zuba a rami, ta bi da toka da kashin awaki da busasshen ganye, ta yayyafa ruwa. Bayan mako biyu ta juya.

Wan mijinta, Balarabe, gonarsa na jikin tasu. Wata rana ya tsaya yana toshe hanci.

"Kaltume, juji kika mai da gonar ubanmu? In kun kasa, ku bar mini ita."

"Yi haƙuri, Yaya," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Daminar farko, dami huɗu na dawa kacal suka samu. Ta dawo gida wuyanta ya ƙage, tafin hannunta duk ya tsage.

Labaran ya ce, "Ki huta haka nan. Mu ba Yaya gonar."

"Na gaji, Malam, wallahi na gaji. Amma in na bari, me yaranmu za su ci?"

Ta ci gaba. Shekara ta biyu da ɗan dama. A ta uku ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, suka ɗaure dami ashirin. Dawar Balarabe kuwa ko ƙugu ba ta kai ba ta yi ja.

Balarabe ya zo ya same ta a bakin ramin.

"Nuna mini yadda kike yi."

Ba ta yi masa gori ba. Ta miƙa masa kwando.

"Da la'asar ake kwasa, Yaya, kafin awaki su riga ka."

Washegari mutanen gari suka ga Balarabe a bakin hanya, ya naɗe babbar rigarsa, yana tsintar ruɓaɓɓen mangwaro.

Darasi: Kada ka raina mai haƙuri don aikinsa ba kyan gani. Wanda kake yi wa dariya yau, watakila shi zai koya maka gobe. Ku tura wa wanda kuka san ya gaji amma bai daina ba.