Saƙon da Barista Nathaniel Bai Isar Ba

A garin Jalingo, in ana zancen lauyoyin da suka iya tsayawa gaban alƙali, da wuya a gama ba a ambaci Barista Nathaniel ba. Mutum ne mai karatu, mai baki, ga murya da ke cika kotu ba sai an sa masa lasifika ba. Aibinsa guda ne, amma ya isa: girman kai. Kullum alfaharinsa shi ne tunda ya sa baƙar rigar lauya, bai taɓa barin wanda yake karewa ya buɗe baki ya ce "na aikata" ba. A ganinsa amsa laifi aikin malalatan lauyoyi ne, masu tsoron gumi.

Da aka sabunta dokar gudanar da shari'ar laifuka, sai aka shigo da tsarin sassauci. Wanda ake tuhuma zai iya amsa ƙaramin laifi bisa yarjejeniya da lauyan gwamnati, alƙali kuma ya yanke masa aikin al'umma maimakon zaman kurkuku. Lauyoyin gari suka shirya bita don a fahimci sabon tsarin. Nathaniel ya leƙa, ya gaisa da manya, ya fice tun ba a gama jawabin farko ba. A bakin ƙofa ya ce wa abokansa, "Wannan ai cinikin kasuwar doya ne, ba shari'a ba. Ku zauna ku koyi tayi, ni ina da aiki." Suka yi dariya, shi kuwa dariyar ta yi masa daɗi.

Ana cikin haka wata malamar firamare daga unguwar Yelwa, mai suna Godiya, ta zo ofishinsa da ido jawur. Mahaifinta Simeon, manomin doya ne a wani ƙauye kusa da Sunkani. Sun yi saɓani da maƙwabcinsa Rufus kan iyakar gona, magana ta yi zafi, Rufus ya ɗaga adda, Simeon ya kai masa ƙotar garma ya karya masa hannu. Aka tuhumi Simeon da yi wa mutum mummunan rauni. An ba da belinsa, amma da sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati mai fili a Jalingo ya tsaya masa. Manomin doya ina ya san irin wannan mutum? Haka aka wuce da shi gidan yari.

Nathaniel ya je ya gan shi. Ya tarar da dattijo siriri, yana ta murza hannuwansa masu kanta.

"Barista, ni ba zan ɓoye maka ba, na buge shi," in ji Simeon. "Amma matata Rose ba shi da lafiya, ƙafa ya kumbura. Ni ne ina ɗaga ta, ni ne ina ba ta magani. Ko mene ne za a yi in koma gida, a yi."

"Baba, kada in sake jin ka ce ka buge shi," Nathaniel ya katse shi. "Kare kanka ka yi. Ka bar mini komai, da hannuna zan wanke ka tas."

Ya fito yana jin daɗi a ransa. Shi ba dattijo mai mata a kwance ya gani ba, shari'ar kare kai ya gani, mai kyau, irin wadda ake yanke hukuncinta lauyoyi su yi ta ambaton sunan wanda ya ci.

Kafin ruwan farko ya sauka, lauyar gwamnati mai riƙe da shari'ar, Barista Patricia, ta tare shi a barandar kotu.

"Babban yaya, ina da albishir," ta ce. "Dattawan coci sun je wa Rufus, ya ce ya yafe. Ya yarda a sassauta. In Baba Simeon ya amsa ƙaramin rauni, za mu roƙi kotu ta ba shi sharar asibitin ƙauyensu na ɗan lokaci. A gidansa zai riƙa kwana. Ka kai masa maganar, mu ji abin da zai ce."

Nathaniel ya dube ta sama da ƙasa. "Kin ga shari'arki ba ta da ƙafa, shi ne kika zo tayi? Ba ma so."

"Ba ka tambaye shi ba tukuna. Ai zaɓinsa ne, ba naka ba."

"Na ce ba ma so. Mu haɗu gaban alƙali."

Ko ɗalibin da ya shiga makarantar lauyoyi jiya ya san cewa irin wannan tayi amana ce. Lauya ya kai wa wanda yake karewa, ya bayyana masa amfani da illa, ya ba da shawara in yana da ita, sannan ya ja bakinsa ya bar shi ya zaɓa. Nathaniel ya sani sarai. Amma ya san kuma in Simeon ya ji kalmar "gida", ko daƙiƙa ba zai ƙara ba zai amsa. Saboda haka ya haɗiye maganar. Ya kuma gargaɗi Godiya kada ita ko wani nata ya kusanci gidan Rufus, wai kada a ce suna neman juya shaida. Patricia ta shaida wa Rufus cewa ɓangaren Simeon sun ƙi. Rufus ya ji ciwon abin, ya ɗauka maƙwabcinsa ne ya watsa masa yafiyarsa a fuska, shi ma ya kama bakinsa.

Shari'a kuwa ta shiga tafiyarta ta yau da gobe. Yau shaida bai zo ba, gobe motar gidan yari ta lalace, jibi kotu ta tafi hutu. Damina ta yi nisa, gonar Simeon ta koma ciyawa, ƙafar Rose ta ƙi sacewa.

Wata rana da hantsi Godiya ta shigo ofis, ko zama ba ta yi ba.

"Barista, Mama ta daina cin abinci. In na ba ta magani sai ta ture, ta ce Baba ne ya san yadda take sha. Don Allah, babu wata hanya? Ko ta kwana ɗaya ce, ya zo ta gan shi."

Nathaniel ya dubi wayarsa. Hanya tana nan, lambar Patricia tana cikin wayarsa, har ya kai hannu ya ɗauka. Sai ya hango kansa a ɗakin da lauyoyi ke sa riga, ana nuna shi ana cewa ga mai zagin tayi ya dawo yana roƙo. Ya hango kuma idon yarinyar nan in ta ji tun yaushe maganar take hannunsa. Ya ajiye wayar a hankali.

"Ki yi haƙuri, malama," ya ce. "Shari'a ba ta son gaggawa. Mun kusa."

Rose ta rasu lokacin da ake haƙon sabuwar doya. Aka binne ta a bayan cocin ƙauye, mijinta yana tsare bai sani ba. Rufus ya zo da hannunsa mai ɗori ya taya haƙa kabari, ya koma gida. Godiya ce ta je gidan yari ta faɗa wa mahaifinta ta tsakanin ƙarafa. Dattijon bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko an sa mata zanen da take so, sannan ya juya ya koma ciki. Da labari ya kai wa Nathaniel, sai ya lallashi kansa da cewa ciwo ne, ko mijin yana nan ajali ba ya fashi.

Ranar hukunci ta zo bayan an shiga wata daminar. Gaskiya Nathaniel ya yi aiki. Ya sa Rufus ya amsa da bakinsa cewa shi ya fara ɗaga adda, alƙali ya yarda Simeon kare kansa ya yi, ya sallame shi ya wanke shi. Har ya yaba wa lauyan a cikin hukuncin. Matasan lauyoyi suka kewaye Nathaniel a baranda suna miƙa masa hannu, shi kuma yana gyara kwalar wuyansa yana murmushi.

Simeon ya fito a hankali, Godiya na riƙe da shi. Sai ga Rufus ya tare su, hawaye na bin fuskarsa.

"Simeon, me na yi maka haka? Tun bara kafin ruwa ya sauka na ce na yafe. Aka ce za ka share asibiti kawai, ka kwana a gidanka. Ka ƙi. Rose yana kiran sunanka, ina ji daga gidana. Saboda ni ka ƙi?"

Simeon ya tsaya cak. "Wane ne ya ce zan kwana a gida?"

"Lauyan gwamnati. Ta ce ta gaya wa baristanka."

Patricia tana gefe da takardunta a ƙirji, ta sunkuyar da kai. Simeon ya juyo ya dubi Nathaniel, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa abin da aka kasa ganewa.

"Barista, gaskiya ne? An ce in koma gida?"

Mutumin da bai taɓa rasa amsa gaban alƙali ba ya buɗe baki. "Baba, da ka amsa, da sunanka ya ɓaci. Yanzu ga shi an wanke ka, babu tabo ko..."

"Da na share asibiti," in ji Simeon. "Ni manomi ne, tsintsiya ba zai kashe ni ba. Sunan nan da ka wanke, wa zan kai wa? Wanda zai yi murna da shi yana bayan coci."

Godiya ta fashe da kuka, ta ce sai ta kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Mahaifinta ya dafa ta.

"Bar shi, na gaji da kotu." Ya sake duban lauyan. "Ka ci kes ɗinka, Barista. Ina taya ka murna."

Ya kama hannun Rufus, mai ɗorin, suka sauka matakala tare don neman motar Sunkani. Matasan lauyoyin suka zame ɗaya bayan ɗaya, suka bar Nathaniel tsaye shi kaɗai da rigarsa. Labarin ya zaga gari, masu kawo masa shari'a suka ja baya. Amma ba wannan ne ya fi cin sa ba. Har yau bai iya buɗe hukuncin nan da aka yabe shi a ciki ya karanta ba, kuma in hanya ta bi da shi ta Sunkani, ba ya iya duban gefen ƙauyen.

Darasin wannan labari shi ne, shari'a ta mai ita ce, ba ta lauya ba. Duk wanda aka ba amanar magana a madadin wani, wajibi ne ya isar masa da kowane saƙo, ya faɗa masa gaskiya, ya bar shi ya zaɓi abin da ya fi masa, domin shi ne zai kwana a ɗaure, iyalinsa ne ke jira. Dokoki suna canzawa don sauƙaƙa wa mutane, kuma ƙwararren da ya raina sabon ilimi saboda girman kai, wasu ne ke shan wahalar raininsa. Mu kiyayi neman suna da rayuwar wanda ya dogara da mu, domin akwai nasarar da in ta zo, ba ta tarar da kowa a gida.