Ƙugiyar Nomau Mai Haƙar Rijiya

Ku gyara zama, yau ba hira kawai na kawo muku ba, hukunci nake so ku yanke.

An yi wani mai haƙar rijiya sunansa Nomau. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da gaggawa, ko tuwo ba ya bari ya huce. Da aka ba shi aikin wata rijiya mai zurfi a ƙauyen gaba, sai ya sayi dunƙulen ƙarfe a hannun 'yan gwangwan, ya kai wa amininsa Ilu maƙeri ya ƙera masa ƙugiyar da za a ɗaura wa igiya a riƙa zura shi ciki.

Ilu ya ƙera ta, ya binne ta a cikin toka mai zafi. Ya ce, "Nomau, kada ka taɓa ta sai na dawo daga ta'aziyya. Irin wannan ƙarfe, in an narka shi da laima, iska takan maƙale a cikinsa. In ya huce a hankali sai ta fita. In aka gaggauta shi, ta ciki take tsaga shi, ido kuwa ba ya gani." Nomau ya ce to. Ilu na ba da baya, gogan naka ya tone toka, ya tsoma ƙugiya a ruwa, ta yi cuu, ya saɓa ya yi gaba. Kyakkyawa ce sumul, ko ni da na gan ta da na yarda da ita.

Aka yi ta aiki lafiya har rijiya ta yi nisa. Ran nan da safe Zubairu, abokin aikinsa mai kula da igiya, ya ji ƙugiyar ta bugi dutse ta yi wata ƙara matacciya, irin ta fasasshen tulu. Bai san dalili ba, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya nace sai da ya ɗaura wa Nomau wata igiyar a ƙugu, Nomau yana ta yi masa dariya yana kiransa matsoraci. Da ba don Zubairu ba, da babu igiya ta biyu. Amma da yake kowa na kan babbar igiya, wannan a yashe aka bar ta a bakin rijiya.

Shi kuma Ilu, da ya dawo daga ta'aziyyar bayan kwanaki ya tarar an tone tokarsa, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya kama hanya da gudu, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Ya iso daidai ana jawo Nomau sama da bokitin ƙasa, ya kwarma ihu, "Ku riƙe shi da wani abu! Ƙugiyar nan a tsage take!" Da ba don ihun Ilu ba, da babu wanda zai waiwayi igiyar da ke yashe.

Ɗayyabu mahauci, abokin Nomau tun ƙuruciya, ya zo ne kawai ganin yadda aiki ke tafiya. Yana jin ihun ya faɗa kan igiyar ya naɗe ta a hannu. Nan take ƙugiya ta ɓalle. Igiya ta ja shi a ƙasa, ta saɓule masa fatar tafin hannu, ya tokare ƙafa da itacen bakin rijiya ya ƙi saki har mutane suka kama masa. Da ba don Ɗayyabu ba, da igiya ta bi Nomau sun tafi tare.

Da aka fito da Nomau, Ilu ya miƙa masa guntun ƙugiyar. Cikinta duk tabo ne farare masu ƙyalli kamar ɓawon kifi. Nomau ya duba, ya dubi ƙafafun Ilu da ƙaya ta farfasa, ya dubi hannun Ɗayyabu, ya dubi Zubairun da ya yi wa dariya. Sai ya durƙusa yana kukan godiya da kunya.

Ba a jima ba matarsa ta haifi ɗa namiji, na farinsu. Nomau ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai sa wa yaron, don duk lokacin da ya kira shi ya tuna. Ranar suna ta zo, ga rago a ɗaure, ga liman yana jiran a raɗa masa, ga su ukun zaune a tabarma ɗaya. Nomau mai gaggawa ya buɗe baki, yau kam ya kasa gaggawa.

To jama'a, yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne. Zubairu, Ilu ko Ɗayyabu, wa ya fi cancanta a yi masa takwara?