Hannu a Baya, Baki a Rufe

Akwai wata malamar kwamfuta da ɗalibanta suka laƙaba wa suna Malama Sake Gwadawa, domin duk aikin da ka kai mata, da wannan maganar za ta sallame ka.

Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa ce ta ba ta ɗaki a saman ofishinta, ta sayi tsofaffin kwamfutoci, tana kuma biyan wuta da intanet. Duk Asabar 'yan sakandare suna zuwa koyon ƙirƙirar wasannin bidiyo masu koyar da karatu. Tallafin na shekara ɗaya ne. Idan ya ƙare ƙungiya za ta duba aikin, in bai gamsar ba ɗakin ya koma wurin ajiye kaya.

Malama tana da doka ɗaya. Wanda ya gama wasansa zai miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ya koma gefe, hannu a baya, baki a rufe. Ba nuni, ba gyaran murya.

"Ranar da wasanki ya shiga wayar wani, za ki bi shi gida ki yi masa bayani?" Haka take tambayarsu.

Wadda dokar ta fi wahalarwa ita ce Auta, 'yar wani tela, yarinyar da ko a barci surutu take. Wasanta yana koyar da rabi da kwata. Kai ne tela, a kawo maka yadi, ka yanka yadda aka ce. Auta ta ɗauki kakarta a matsayin mai gwaji, kuma kullum sai ta dawo da ƙorafi.

"Malama, Kaka ta sake maƙalewa. Wai ni ce ban iya ba."

"Gaskiyarta. Sake gwadawa."

Ana gab da ranar dubawa, ma'ajin ƙungiya ya hau sama ya same ta tana goge allo.

"Malama, shawara na kawo. Ki bar yaran su buga abinsu da kansu, mu tafa, a tashi lafiya. Baba Mai Taya ko saƙon waya jikansa ke buɗe masa. Kuma tuni yana cewa kuɗinsu ya tafi a wasan yara."

Baba Mai Taya shi ne shugaban ƙungiyar, kuma abin da ya faɗa shi ake yi. Malama ta san gaskiya ma'aji ya faɗa. Ta ajiye tsumma a hankali.

"Shekara guda ina hana su magana. Ba zan koya musu rufa-rufa a ranar ƙarshe ba. Shi zai buga."

Ranar ta zo. Ɗaki ya cika da iyaye da 'yan ƙungiya, fanka tana ta ƙara. Baba Mai Taya ya zauna gaban wasan Auta yana riƙe da linzamin kwamfuta kamar zai cije shi. Auta ta koma gefe ta harɗe hannuwa a baya.

Wata tsohuwa ta fito a allon kwamfutar ta nemi a yanka mata rabin yadi. Baba ya yanka inda ya ga dama. Riga ta fito, hannu ɗaya har gwiwa, ɗayan ko kafaɗa bai rufe ba. Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya yi saurin mayar da ita tari.

Ya sake, rigar ta sake fitowa a karkace. Fuskarsa ta canza.

"Ke 'yata, ba za ki nuna min ba? Kin tsaya kamar soja."

Auta ta cije leɓe ta dubi Malama. Ma'aji ya matso yana raɗa, "Ki sa baki mana, ɗakin nan zai tafi."

Malama ta ji maganar ta taho mata har maƙogwaro. Kalma ɗaya ta isa. Ta dubi sauran ɗaliban da suka zuba mata ido, sai ta mayar da nata hannuwan baya ita ma.

Baba ya yi tsaki ya yanka karo na uku, bai dace ba. Ya fara tura kujera zai tashi, sai tsohuwar allo ta yi magana, da muryar kakar Auta sak.

"Haba tela, ido ba awo ba ne. Ninka shi biyu tukuna, ka ga inda tsakiyar take."

A daidai nan Kaka take maƙalewa kullum, har Auta ta gane cewa mutum yana bukatar a tuna masa ninki. Shi ne ta ɗauki muryar Kaka ta saka a wasan.

Baba ya tsaya. "Wannan tsohuwar da ni take?"

Ya koma ya zauna, ya lalubo inda ake ninkawa, ya yanka a kan layin. Riga ta fito daidai, tsohuwa ta sa ta tana juyi. Bai ko waiwayi masu tafi ba, don an riga an kawo masa wani yadin ana neman kwata.

"Ku yi min shiru," ya ce. "Ninki sau biyu ne wannan, na gane."

Sai da ma'aji ya taɓa shi sannan ya miƙe. Ya dubi Auta. "Da kin nuna min, da na ce ke ce mai wayo. Yanzu na san abin da kika yi ne yake koyarwa." Ya juya wajen ma'aji. "Kayan ajiya a nema musu wani wuri. Fankar nan kuma a canza ta."

A bakin ƙofa ya miƙa wa Auta wayarsa, murya ƙasa ƙasa. "Sa min shi a nan. Na jikoki ne."

"To Baba. In saka daga farko, ko daga inda 'jikokin' suka tsaya yanzun nan, a kwata?"

Malama ta kau da kai tana dariya, idonta ya ciko. Auta ta zo ta tsaya gabanta tana jiran kalmar da ta saba ji.

"Wannan kam," in ji Malama, "ya yi."

Darasi: Aikin da aka yi haƙurin gyarawa ba ya bukatar mai shi ya tsaya yana kare shi, shi zai yi magana da kansa. Mu tallafa wa masu koya wa yaranmu ƙirƙira, mu kuma ba su lokaci. Ku tura wannan ga iyaye da malamai, da duk mai halin buɗe wa yaran unguwarsu irin wannan ɗaki.