Sallau da Ya Ƙi Shiga Zaure

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai ɗinkin ƙwarya, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Sallau ake ce masa. A unguwarsu ana ciyayya: kowane magidanci ya fito da akushinsa zauren Baba Nomau, dattijon unguwa, a ci tare, ludayi ɗaya ya zagaya kowa. Zauren nan ba taga. Baba Nomau kuwa ƙirjinsa ya daɗe da rauni, numfashi ma sai ya yi da ƙyar.

Ku saurara. Wata damina mura mai zafi ta shigo garin. Sallau ya ga yadda ta bi gidansa: ta kama matarsa, ta kama duk wanda ke kwana a ɗakin, sannan ta iso kansa. Ya yi ta juya abin a ransa. In ya shiga zaure, ya kai wa tsoho ciwo. In bai shiga ba, a garin nan wanda ya bar ciyayya gaba yake yi.

Da yamma ya je ya tsaya can wajen zauren, ya rufe hanci da bakin rawani, ya yi sallama.

Tanimu mahauci ya miƙo hannu. Sallau bai karɓa ba.

Tanimu ya ce, "Iye! Ɗinkin ƙwarya ya fara kawo arziki ke nan? Hannunmu ya yi maka ƙarni?"

Baba Nomau ya ce, "Sallau, shigo."

"Baba, ka gafarce ni. Mura nake yi."

"Mura ce za ta raba ni da kai? Na ce ka shigo."

"Ƙirjinka nake ji, Baba. Ba zan shigo ba."

Jama'a, ku duba nauyin wannan. Dattijo ya kira ka sau biyu a gaban mutane, ka ƙi! Sallau ya koma gida yana hawaye. Aka ce girman kai ne. Aka ce gaba ce. Har mata suka daina aiko masa da ƙwarya. Shi dai ya yi jinyarsa.

A unguwar gaba kuwa, wani ya ji kunyar a ce ya guji mutane, ya shiga zaurensu yana atishawa. Zauren duka ya kwanta, tsohonsu bai tashi ba.

Daga wajen jana'izar tsohon nan, sai Baba Nomau ya zarce gidan Sallau, yana dogara sanda.

"Ɗana, na yi fushi da kai, ashe raina kake tsarewa. Allah ya yi maka albarka."

Tanimu na bayansa da tsokar nama a ganye ta ban haƙuri, ya kasa ɗaga kai. Baba ya sa aka fasa taga a zauren, kowa kuma ya riƙa zuwa da ludayinsa.

To ku ji. Na daɗe ina tunanin wanne ne zumunci, zuwa ko ƙin zuwa. Zumunci shi ne kada ɗan'uwanka ya cutu ta hanyarka. Allah ne mai tsarewa, amma shi ya ba mu hankali. In kana mura, yi zamanka a gida. In fita ta kama, rufe baki, wanke hannu. A masallaci, a mota, a aji, ku buɗe taga. Wanda kuma ya hana ka hannunsa don yana ciwo, kada ka zarge shi. Ka gode masa.